Ɗan Aike da Kututture

A ƙarshen rani, lokacin da hadari ke leƙowa daga gabas ya koma bai zubar da komai ba, na bi kawuna gona a Baudeta, cikin ƙasar Tasawa. Gatari na rataye a kafaɗarsa, adda na hannunsa. Ya tsaya kan wani kututturen sabara da ya fitar da toho wajen goma sha biyu, ya zagaya shi kamar mai taya akuya ranar kasuwa, sannan ya duƙa. Ya sare takwas, ya bar huɗun da suka fi miƙewa, ya share musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Da ya gama sai ya yago jan tsumma ya ɗaura a jikin ɗaya, don mai wucewa ya san icen nan da mai shi.

Na ce, "Kawu, wannan sassabe ne ko aski?"

Bai ɗago ba ya ce, "Kai dai ɗan boko. Sassabin zamani ke nan. Da can kashewa muke, yanzu zaɓe muke."

Tun daga ranar kalmar take yi mini yawo a ka. Sassabe, a Hausar da na tashi da ita, ba shi da tausayi. Kafin ruwan shuka ya sauka manomi yakan bi gonarsa ya sare duk tohon da ya ɗago kai, ya tara, ya cinna wuta, hayaƙi ya turnuƙe karkara kwana da kwanaki. Gonar da aka yi wa haka ita ce mai tsabta, mai ita kuma shi ne manomin kirki. Wanda ya bar kalgo da sabara tsaye cikin hatsinsa rago ne, ana ma iya yin shakkar ba ɗansa mata. To, yaya aka yi kalmar da aka ƙera don kisa ta zama sunan reno? Da na bi sawunta sai ta kai ni ga wata kalmar, baƙuwa, wadda ta daɗe a bakinmu har mun daina jin baƙuncinta: mishan.

Muna cewa asibitin mishan, makarantar mishan, 'yan mishan, ba tare da mun tambayi kalmar daga ina ta fito ba. Tushenta Latin ne, ma'anarsa kuwa aikawa. Ɗan mishan ɗan aike ne, ba ƙari ba ragi. Sai dai aike iri-iri ne, kuma ƙasar Tasawa ta ga mafi muninsa. A 1899 Faransa ta turo wata runduna ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta nufi tafkin Chadi, kuma da wannan kalmar ce aka raɗa mata suna a takardun gwamnatinsu. Ta ƙone Birnin Ƙonni, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta zubar da jini a Koran Kalgo. A Dankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kafin kwana uku kuma nasu sojojin suka kashe Voulet da abokinsa. Kaburburansu na Maijirgi, cikin wannan gunduma tamu. Su ma 'yan aike ne. An ba su saƙo, an sallame su, sun iso.

Shekara ashirin da biyar bayan haka wasu fararen suka shigo da littafi da kwalbar magani. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na kutare a Danja a 1956. Waɗanda suka assasa ta samari uku ne da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kutsawa ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, aka bar Bingham shi kaɗai. Mutumin ƙauye kuwa bai raba waɗannan da waɗancan a harshensa ba. Da mai bulala da mai allura, duka anasara ne, kalmar da Larabci ya ba mabiya Annabi Isa, mu kuma muka shimfiɗa ta a kan duk mai farar fata. Saboda haka duk saurayin da ya sauko daga jirgi da Linjila a jaka, ya tarar an riga an ɗinka masa riga, kuma ba a gwada shi ba.

Irin wannan riga Toni Rinaudo ya tarar a Maraɗi a 1981. Ɗan Ostireliya ne, yana da kimanin shekara 24, ya karanta aikin gona a jami'a, ya zo da matarsa a ƙarƙashin SIM. Aikin da aka damƙa masa dashen itatuwa ne a ƙauyukan da hamada ke ci. Ya taso a wani kwari mai dazuzzuka da ƙoramu, ga shi yanzu a ƙasar da iska ke ɗebe gona ta kai wa maƙwabci.

Mu da muke karɓar baƙi ba mu cika tsayawa mu ga yininsu ta idonsu ba. Matashin ɗan mishan na wancan zamani ladanin unguwa ke tashinsa, ko yana so ko ba ya so. Sai ya kunna fitila ya buɗe nasa littafin, ya yi tasa addu'ar yayin da maƙwabta ke tasu a bayan katanga. Gari na wayewa gaisuwa ta fara: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi. Shi da ya fito daga inda kalma ɗaya ke sallamar mutum, yakan ɗauka ana ɓata masa lokacin aiki, sai daga baya ya gane ai aikin ne aka fara. Ga ludayin fura da za a miƙo masa a ƙofar mai gari, ƙin karɓa cin fuska ne, sha kuma cikinsa bai saba ba. Ga zazzaɓin damina, ga ƙurar hunturu da ke shiga har cikin tuwo, ga wasiƙar gida da ke yin makonni a hanya. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne wasiƙar da shi zai rubuta. 'Yan SIM ba albashin gwamnati suke ci ba, majami'u da abokan arziki na can gida ke tara musu abin zama, kuma masu tarawa suna jiran labari. Me mutum zai rubuta wa tsohuwar da ta rage cefanenta don a aiko shi, a watan da bai ga komai ya tsiro ba?

Sai kuma harshe, wanda shi ne makarantar farko ta ƙasƙantar da kai. Hausa ba ta raina baƙo, amma takan gwada shi. Fari launin fatarsa ne, fari kuma shi ne rashin ruwan da ya tarar, bambancin yana cikin hawa da saukar murya. Kuka itaciya ce da ake miya da ganyenta, kuka kuma shi ne abin da yaro ke yi da dare in tukunya ba ta hau wuta ba. Gari wurin zama, gari abin tuƙa tuwo. Baƙi su ne mutanen da suka zo daga nesa, baƙi ne launin da ba nasa ba, baƙi kuma su ne haruffan da yake haɗawa a allon koyo. Mai digiri sai ya koma abin dariyar yara, ya nemi abu a kasuwa a kawo masa wani. Wanda ya jure dariyar shi ke samun harshen. Wanda ya ji haushi yakan koma gidan mishan ya rufe ƙofa, ya ƙare shekarunsa yana magana da tafinta.

A nan ne wata kalma take ba ni mamaki. Da masu fassara suka zo mayar da Linjila cikin Hausa, sai suka rasa sunan da za su ba mabiyan Annabi Isa na kusa in ban da almajirai. Almajiri daga Larabci ne, mai hijira, wanda ya bar gida don neman sani. Yaron da ke riƙe da ƙoƙo a ƙofar gidanmu da mutanen da ɗan mishan ke karanta labarinsu kowace asuba suna ɗaya suke amsawa. Haka bishara, haka manzo, haka tuba da alheri da Almasihu, haka sunan Allah kansa. Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932, wanda Dokta Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da yawa, cike yake da kalmomin da malamai da fatake suka riga suka dasa ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa. Tun kafin Miller ma, wani ɗan mishan mai suna Schön da ya tattara Hausa a Ingila a bakin wani yaro ya sha da yawanta, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda ya bi matafiyi Barth zuwa Turai a 1855. Shi Barth ɗin ya ratsa Tasawa a watan Janairun 1851. Mai kawo saƙo bai sami abin zuba saƙonsa ba sai ƙwaryar masu gida.

Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji da addini a hannunsu, kuma malamanmu sun bi ayarin goro har Gwanja suna kafa zango da makarantar allo. Har gobe ana tura yaro gabas da allo da 'yar jaka. Mun san mutumin da ya bar uwa da uba saboda abin da ya gaskata, mun san kewarsa, mun kuma san karin maganar da ke bin sa a baya: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bambancin shi ne namu yakan fita da sunan almajiri, ya dawo malam. Ɗan mishan kuwa yakan fito da sunan malam. In Allah ya so shi da rahama, sai ya mayar da shi almajiri.

Rinaudo ya fara ne a matsayin malam. Ya yi abin da littafi ya ce: a kafa wurin renon itatuwa, a cika baƙaƙen ledoji da ƙasa, a yi ban ruwa, a loda wa mota, a kai ƙauye a dasa, a kewaye. Haka manyan ƙungiyoyi ke yi a duk faɗin Sahel tun bayan yunwar 1973, an kuma zuba kuɗi masu yawa. Amma dashen da aka raina a inuwa bai san rana ba. Wanda zafi ya bari gara ta ci, wanda gara ta bari akuya ta ƙarasa, wanda ya tsira daga akuya rairayi ya binne shi. Mafi yawansu ba su ga damina ta biyu ba. Manoma kuwa ba su ga dalilin wahala a kan icen da ba nasu ba, don tun dokar daji ta zamanin Faransa itace na hukuma ne. Mutum na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Wanda ya san haka gara ya kashe toho tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa ma'aikacin gandun daji. A lokacin nan mata na tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in sun rasa su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Iska kuma ta sami fili, tana yanke hatsi tun yana jariri, sai an maimaita shuka sau biyu, sau uku.

Shekara biyu da wani abu yana wannan, har ya kai ga tunanin tattara kayansa. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da abin ya juya, a 1983. Yana jan mota da lodin dashe zuwa ƙauye, ya tsaya ya rage iskar taya don ya iya ratsa rairayi. Ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu komai sai fili. Sai ya yi addu'a, ya nemi gafarar Allah a kan yadda mutane suka lalata kyautar halittarsa, ya roƙa a buɗe masa ido. Da ya ɗaga kai sai wani ɗan kurmi a gefen hanya ya ja hankalinsa, irin wanda ya wuce dubunsa bai kula ba. Ya taka ya je ya duba ganyen. Ashe itace ne, babban itace da aka sare, kututturen na nan da rai, saiwarsa na can ƙasa tana shan ruwan da dashensa ba zai taɓa kaiwa gare shi ba. Kuma irinsa miliyoyi ne a gonakin da ake kira masu tsabta, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su. Dajin da yake ta ƙoƙarin kawowa a bayan mota yana ƙarƙashin tayarsa.

Na daɗe ina juya wannan labari, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne addu'ar. Ana aiko ɗan mishan ne don ya kira mutane su tuba. A wannan rana shi ne ya tuba, a tsakiyar hanya, ba mai ganinsa. Tuba a asalinta komowa ce, mutum ya juyo daga inda ya nufa. Ya zo yana kallon abin da ƙasar nan ta rasa, ya juyo ya ga abin da take da shi. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma gaskiya ne. Amma ɗan gari ma yana da tasa makantar, ta sabo. Kawuna ya fi Rinaudo sanin sabara sau dubu: ya san ganyenta na maganin ciki, ya san hayaƙinta, ya san yadda take riƙe rairayi. Abin da sabo ya rufe masa shi ne cewa wannan abin da yake sarewa duk bazara, in an bar shi, zai wuce kansa. Sai da makafi biyu suka haɗu aka ga hanya.

Kiristocin Hausa suna kiran imaninsu bangaskiya. In ka warware kalmar sai ka ga ban gaskiya, wato ba da gaskiya, kamar ban ruwa da ban kwana. Abu ne da ake miƙawa. In ka ba mutum gaskiya ka yarda ke nan cewa shi ke da ita, ka sauko daga kan taka. Saurayin nan ya iso da bangaskiya irin ta wanda ya haddace amsa. Wadda ya samu a hanyar ƙauye ta fi wuya, don sai da ya ba kututture gaskiya a kan ledojinsa, ya ba ƙasa gaskiya a kan takardar shaidarsa. Daga baya kuma dole ya ba manoma gaskiya, don su ne suka nuna wane iri za a bari, guda nawa, a wane tsayi. Abin da littafi bai faɗa ba gona ta faɗa.

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Manoma 'yan ƙalilan ne suka yarda su gwada a wani lungu na gonarsu, aka yi ta yi musu dariya, shi kuma aka sa masa suna mahaukacin Bature. Wasu ma da dare ake zuwa a sare abin da suka bari. Sai ga 1984, shekarar da damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, har mutanen ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. A cikin wannan shekarar ce gwamnatin Seyni Kunce ta tara taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka wajen ɗari, da sharaɗi: wanda zai karɓi hatsi ya bar toho a gonarsa. Itatuwa kusan rabin miliyan suka tsaya ta wannan hanya.

A nan dole mai gaskiya ya ɗan dakata. Sharaɗin da aka gindaya wa mai jin yunwa ba shawara ba ce, ko da sharaɗin alheri ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tsohon zargin da ake yi wa 'yan mishan ke nan tun zamanin allura da kinin: cewa kyautarsu da ƙugiya a ciki. Manoma sun ba da amsarsu da gatari. Da rabon abinci ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare. Wanda ya tsaya ƙirga a ranar zai ce aikin ya rushe. Sai dai kashi ɗayan da ya rage na mutanen da suka ga wani abu da idonsu ne: hatsin da ke kusa da icen bai ƙone ba, iska ba ta binne shuka ba, akuya ta sami ganye a watan da babu ciyawa, uwargida ta sami makamashi a bakin gona, har an sami sanda ta kai kasuwa. Abin da aka karɓa don buhu ya tafi da buhun. Abin da ido ya gani shi ya zauna, ya kuma fara tafiya da ƙafarsa, daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, ba mota ba takarda.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 bai san iyakar inda abin ya kai ba. Sai daga wajen 2004, da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou suka gwama hotunan sama na da da na yanzu, suka bi ƙauyuka da ƙafa, aka kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba dasa su aka yi ba. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye maƙwabciyarmu, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da Fulani makiyaya a ciki. Doka ma ta biyo baya tana ɗingishi: sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta amince a rubuce cewa icen da manomi ya raina nasa ne. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ramukan shuka da ake kira zai.

To, na wane ne dajin? Mai son labarin jarumi zai ce na Bature ne. Amma shi kansa bai ce shi ya ƙirƙiro ba, kuma akwai wuraren da manoma suka kama hanyar ba su taɓa jin sunansa ba. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani ya ba dabba abinci, kakanninmu sun san darajarsa. Ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya ɗora wa mai sare shi. Ilimin ma kututture ne. An sare shi a zamanin gyaɗa da garmar shanu da gona mai tsabta, saiwar ba ta mutu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, baƙon nan dai shi ya tuna mana inda aka ajiye tulun.

Saƙon da aka aiko shi da shi fa? In da ƙidayar kawuna ake auna ɗan mishan, to, ƙasar nan ba ta ba da yawa ba. Bayan shekaru kusan casa'in na wa'azi da asibiti, ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Suna nan, 'yan'uwanmu ne, da majami'unsu da waƙoƙinsu na Hausa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Mutanen Baudeta kuwa suna kan sallarsu, in ka tambayi liman zai gaya maka cewa duk abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga icen da ka raina sadaka ce a gare ka. Shi saurayin ya karanta kula da ƙasa a littafinsa, su sun karanta a nasu, suka haɗu a gindin kalgo ɗaya ba wanda ya bar alƙiblarsa. Ban san yadda ake lissafin wannan a ofishin mishan ba. A lissafin ƙauye dai, an ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma abin da aka riƙe na mutumin nan zuwan ne: shekara goma sha takwas na gaisuwa da shan fura da jure dariya.

Shi ya sa nake ganin wanda ya fara cewa sassabin zamani ya fi mu duka iya Hausa. Bai nemo baƙuwar kalma a leda ya dasa ba. Ya ɗauki tsohuwar da kowa ya sani, ya sare mata abin da ya yi yawa, ya bar mata reshen da zai miƙe. Gatarin nan dai shi ne, watan shi ne, duƙawar ita ce. Niyyar hannun ce ta sauya, ma'anar ta bi ta.

Da rana ta take, muka tattara rassan da Kawu ya sare, ya ɗaure su da ɓawon kalgo. Na tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Baturen nan na Maraɗi. Ya yi shiru yana tunani, ya girgiza kai.

"To wa ya koya maka, Kawu?"

"A gonar wani mutum na gani, kan hanyar kasuwa. Na tsaya na tambaye shi, ya nuna mini. Shi ma ya ce gani ya yi."

An ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ka neme shi ka rasa. Na so in gaya wa Kawu sunan, da shekarun, da miliyoyin, amma ya riga ya ɗago damin ya aza mini a ka.

"Kai wa innarka," ya ce. "Ka gaya mata na baɗi sun fi waɗannan kauri, in Allah ya kai mu."